Wasiƙa: Jan kunne ga masu son harhaɗa mota a gida da kayan tsohuwar mota

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da matasan da suka ɗauki sha'awar harhaɗa ƙaramar motar wasanni a gida, wato mutum ya sayi shasi da bodi, ko ya ƙera su da hannunsa, sannan ya ciro inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota ya ɗora. Aikin yana yiwuwa, kuma ba sabon abu ba ne. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila a 1957, ana sayar da ita a warwatse mai saye ya haɗa da kansa, kamfanin Caterham kuma ya karɓi ikon ci gaba da ƙera ta a 1973. A Amurka, Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx a 1964, wadda aka riƙa ɗora ta a kan ƙasan Volkswagen Beetle bayan an rage masa tsawo. Da yawa daga cikin motocin da ake haɗawa a gida yau jikokin waɗannan biyun ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, masu hotuna da bidiyo suna nuna ranar da injin ya tashi, ba sa nuna cewa kayan da aka ciro an auna su ne da mota mai nauyin tan ɗaya ko fiye, alhali sabuwar da za a ɗora su a kai nauyinta bai wuce kilo 500 zuwa 600 ba. Kusan duk matsalar da ake cin karo da ita daga nan take tasowa.

A fara da tsohuwar motar da za a ci kayanta. Ta zama guda ɗaya, sukutum, tana tashi tana tafiya, kuma mai tura tayoyin baya ce, domin shasin irin na Seven injinsa a gaba yake, a miƙe ta tsawon motar, ƙarfin kuma yana bin farfela zuwa baya. Da can Ford Escort da Ford Sierra ake nema. Sierra an daina ƙera ta tun 1993, yanzu ta yi wuya, shi ya sa mutane suka koma kan Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, mai inji 1.6 ko 1.8. Tsatsar bodi ba abin damuwa ba ce tunda jefar da shi za a yi, amma inji da giya sai an gwada su a kan hanya kafin a kwance ko noti ɗaya. A auna matsin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A buɗe murfin bakin mai, in an ga wani farin kumfa mai kauri, akwai yiwuwar ruwa yana shiga mai. Wanda ya tsinto inji nan, giya can, wayoyi a wani wuri, zai ƙare da filogin da ba ya shiga soket da ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da ba ta san injin ba.

Wajen kwancewa, gaggawa ce ke jawo asara. Kowane kan waya a manna masa takarda a rubuta inda ya fito, a ɗauki hotonsa kafin a cire. Notuka da kusoshi na kowane sashe su shiga ledarsu da sunansu. Kada a yanke wayar inji ko ɗaya sai bayan injin ya tashi a sabuwar motar, daga nan a riƙa cire waɗanda ba a bukata ɗaya bayan ɗaya ana tayar da shi. In motar tana da na'urar hana sata, to makulli da zoben da ke kewaye da ramin makulli da ƙwaƙwalwar inji tare suke tafiya. Aka rasa ɗaya, injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Ƙananan abubuwan da ake mantawa a bodi har a kai shi bola su ne kebur na birkin hannu, sandar sitiyari da maɗaurinta, makunnin fitilar birki, akwatin fis, da lambar shasi tare da takardun motar.

Shasin da aka saba ƙerawa a gida na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, milimita 25 kowane gefe, kaurin bangonsa milimita 1.6. Ana shimfiɗa katako mai kauri a kan tebur wanda aka daidaita shi da ma'aunin ruwa, a zana layin tsakiya, duk awo daga wannan layin ake ɗaukarsa. A ɗiɗɗiga walda kaɗan kaɗan a haɗa ƙashin gaba ɗaya tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu, kada bambancin ya wuce milimita 2 ko 3. Sai a cika waldar ana tsallakawa daga hagu zuwa dama, gaba zuwa baya. Dalili kuwa, walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan zai ɗaga shasin ya tarar ya murɗe, kuma babu saitin taya da zai gyara wannan. Waldar tsinke tana huda ƙarfe mai wannan kaurin a hannun wanda bai ƙware ba, waldar waya mai iskar gas ta fi dacewa. A ra'ayinmu, wanda bai taɓa walda ba ya sayi shasin da aka gama, ko ya ba gwani, domin maɗaurin hannuwan taya ba wurin koyo ba ne.

Birki ne inda ya kamata a fi daɗewa. A tsohuwar motar an raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya bisa nauyinta da tsayinta. A sabuwar, nauyin ya ragu, direba ya koma kusan kan aksil na baya, rabon ya canza. Ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce tayoyin gaba su riga na baya kullewa. Idan na baya suka riga, gindin motar zai zagayo gaba, kuma mota gajeriya mara nauyi tana yin haka kafin direba ya motsa hannu. Ana gyara rabon da bawul mai rage matsi a layin baya, ko da famfon birki biyu masu sandar saiti a tsakaninsu. Yawanci kuma babu wurin tulun iska mai taimaka wa ƙafa, sai a cire shi. In an cire aka bar feda yadda take, birkin zai yi tauri kamar ana taka dutse. Maganinsa a matsar da wurin da sandar famfo ke kama feda har ƙarfin ƙafa ya ninka sau 5 zuwa 6, ko a sa famfo mai ƙaramin baki. Bututun birki ya zama sabo, na gamin tagulla da nikel mai faɗin milimita 4.75, a kama shi da shasi duk bayan milimita 300 ko ƙasa da haka, domin bututun da ke karkarwa yana tsagewa a bakin noti. Tiyon roba na tsohuwar motar a zubar da shi ko da ya yi kyau a ido.

Sifirin ma haka. Na tsohuwar motar ya yi wa wannan ƙarfi, tayar za ta riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa. Wajen zaɓen sabo akwai lissafin da ake yawan tsallakewa: idan sifirin yana motsa milimita 7 duk lokacin da taya ta motsa 10, ƙarfin da ke isa taya ba kashi 70 ba ne, 0.7 ne sau 0.7, wato kusan rabi. Iskar taya ita ma a rage, irin waɗannan motoci suna zama daidai a wajen 18 zuwa 20 a ma'aunin iska na psi, ƙasa da abin da aka rubuta a ƙofar tsohuwar.

Sai sitiyari. Idan motar ta taka tudu ta karkata da kanta ba tare da an juya ba, to sandar haƙoran sitiyari ba ta zauna a tsayin da ya dace ba, ko ta yi tsawo. Gaɓarta ta ciki tana bukatar ta faɗa kan layin da ya haɗa maɗaurin hannun sama da na ƙasa, don tayarod ya riƙa zana baka iri ɗaya da hannuwan. Gwajin ba shi da wuya: a cire sifirin, a ɗaure sitiyari, a manna madubi ko ƙaramar fitilar leza a jikin hob, a ɗaga shi a sauke da jak ana kallon yadda ɗigon hasken ke gudu a bango. A riƙa sa wasali siriri a ƙarƙashin sandar har gudun ya ragu. Milimita 2 kacal yana canza halin mota. Wani kuskuren da ake yawan gani shi ne a musanya hannun sama na hagu da na dama, sai bol-joyin na sama ya koma gaba da na ƙasa maimakon baya. Alamarsa, sitiyari ba ya dawowa tsakiya da kansa bayan kwana. Kusoshin wannan sashe duk su zama masu lamba 8.8 ko sama, da noti mai roba a ciki, kuma ba a ƙarasa ɗaure bushin roba sai motar ta tsaya da nauyinta a ƙasa.

A MX-5 akwai wani dogon ƙarfe da ya haɗa giya da difarenshal. Shasi da yawa ba su da wurinsa, don haka sai an ƙera wa kowannensu mazauni, kuma na difarenshal ya yi ƙarfi sosai, domin hancinsa yana yunƙurin ɗagawa sama duk lokacin da aka taka totur. Farfela za a rage mata tsawo, wannan aikin masu injin daidaita nauyi ne. Kusurwar gaɓoɓinta biyu ta zo ɗaya, tsakanin digiri 1 zuwa 3. A tuna cewa tana juyawa ne a gefen cinyar direba, saboda haka a kewaye ta da zoben ƙarfe.

Kaskon bakin mai shi ne yakan fi kusa da ƙasa. Idan tazarar ba ta kai wajen milimita 100 ba, a rage masa zurfi, a faɗaɗa shi ta gefe don yawan man ya tsaya yadda yake, a rage bututun tsotso daidai da haka, a sa shinge a ciki. Ba tare da shingen ba, a kwana mai tsawo man yana taruwa gefe guda, famfo ya tsotsi iska, boris ya ƙone. Tankin fetur ma yana da irin wannan halin, shi ya sa injin da ke fesa mai da matsin kusan 3 a ma'aunin bar yake bukatar ƙaramin tulu na ajiya kafin famfo, da tiyon da aka yi don wannan matsin. Lagireto kuma yakan zauna ƙasa da kan inji a hancin motar, iska ta maƙale a sama, allura ta hau. A sa tankin ruwa a wuri mafi tsayi, a jawo siririn tiyo daga saman lagireto zuwa gare shi, a toshe gefunan hanci yadda iska ba za ta sami hanyar kaucewa ba.

Wutar lantarki ba ta bi ta jikin bodin faiba, don haka kowace fitila sai an ja mata wayar at har zuwa shasi, a kankare fenti a wurin. Fitilar da ke kyaftawa tare da wata, ko sitata mai jan ƙafa, yawanci daga nan ne.

Maganar rajista a fara ta tun kafin a sayi ƙarfe, domin kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya, alal misali, tun 2009 irin wannan motar sai ta ci gwajin IVA, inda ake auna rabon birki da ƙarar salansa da mazaunin bel, har da kaifin gefuna, waɗanda ake so lanƙwasarsu ta kai milimita 2.5. Ko a ina mutum yake, ya adana rasit da hotunan kowane mataki da takardun tsohuwar motar.

Gwajin farko a yi shi a fili rufaffe, a hankali, ana taka birki da ƙarfi wani yana tsaye a gefe yana kallon tayar da ta fara kullewa. Bayan kilomita 50 na farko a ɗaga motar a bi kowane noti na ƙafa da na farfela da sifana mai auna ƙarfi, a ɗiga masa fenti, ta yadda duk wanda ya motsa daga baya za a gan shi da ido.

Mun gode da ba mu fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu makanikai da masu walda, masu bibiyar wannan jarida