Jitar lantarki ba ta kashe waƙar gargajiya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani ra'ayi da ake yawan maimaitawa, wato wai da zarar kayan kiɗa na lantarki sun shigo gari, to waƙar gargajiya ta kama hanyar kushewa. Tarihin kiɗan rok na Turawa, wato kiɗan zamani mai jitar lantarki da ganguna, bai goyi bayan wannan magana ba.

A 1941 wani mai tattara waƙoƙin talakawa, Alan Lomax, ya isa wata gonar auduga a jihar Misisipi ta Amurka ɗauke da na'urar naɗar murya, yana yi wa Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar aiki. A can ya naɗi muryar wani baƙar fata ma'aikacin gonar, Muddy Waters, yana rera irin waƙoƙin da jikokin bayi suka gada. Bayan shekara 2 mutumin ya yi ƙaura zuwa Cikago, ya tarar hayaniyar gidajen rawa tana danne sautin jitarsa ta katako, sai ya rungumi mai lantarki domin kawai a riƙa jin sa. Samarin da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Rolling Stones a Landan a 1962 daga fayafayensa da na ire-irensa suka koyi sana'a, har sunan nasu ma daga wata waƙarsa suka aro shi.

Masu kishin gargajiya a can ma sun taɓa tayar da jijiyar wuya. A watan Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na garin Newport a Amurka, Bob Dylan, mawaƙin da ya fara yin suna da waƙar gargajiya, ya hau dandamali da jitar lantarki da 'yan kiɗa a bayansa, wasu daga cikin 'yan kallo suka yi masa ihu, suna ganin ya ci amanar gidan da ya rene shi. Ban ga laifin masu ihun gaba ɗaya ba, domin wanda yake ƙaunar abu dole ya ji tsoron a lalata masa shi. Sai dai abin da suke gudu bai faru ba, kuma a 2016 aka ba mutumin lambar Nobel ta adabi saboda waƙoƙin da ya gina a kan wannan tsohon tushe. A Ingila kuwa, ƙungiyar Fairport Convention ta shiga ɗakin ajiyar waƙoƙin da Cecil Sharp ya fara tattarawa daga bakin mutanen karkara tun 1903, ta ɗauko tsofaffin baituka ta ɗora su a kan ganguna da jitar lantarki a 1969, sai ga matasan da ba su taɓa jin su ba suna haddace su.

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu ga irin wannan. Duk wanda ya saurari jitar Abzinawa da kunnen basira zai ji bugun tende a ƙarƙashinta, wato gangar nan da mata suke haɗawa da turmi da jiƙaƙƙiyar fata suna tafi suna amshi. Da wannan kiɗa ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci Grammy, wato babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, a 2012, da shi kuma Bombino ɗan Agadas yake zaga duniya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta farko, waƙoƙinsa suka bazu a Sahel daga wayar hannu zuwa wayar hannu, yau ga shi manazarta kiɗan rok suna lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Abin da ya sa Turawa suka iya yin wannan ɗori shi ne akwai waɗanda suka naɗi muryoyin tsofaffi, suka adana, suka kuma bar ƙofa a buɗe ga masu son koyo. A nan ne muke da rauni. Kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sun yi sa'ar yaɗuwa, amma masu gurmi da garaya da kukuma na ƙauyuka, da matan da suke waƙar daɓe da ta niƙa, da yawansu suna tafiya da abin da ke bakinsu.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyonmu da sassan nazarin Hausa na jami'o'i da su mayar da tsofaffin kaset-kaset da ke hannunsu cikin kwamfuta tun zafi da ƙura ba su cinye su ba, su kuma sauƙaƙa wa matasan mawaƙa hanyar sauraronsu. Ita ma wannan jarida za ta taimaka ƙwarai idan ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, domin hira da makaɗan karkara da suka rage.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya