Godiya ga Ma'aikatan Gidan Matasa da Al'adu na Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga shugaban gidan matasa da al'adu na garin Tawa, da duk ma'aikatan da ke tare da shi, tun daga na ofis har mai gadin ƙofa.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan gajiyar biki ta bi lafiya. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne, don ta fi ƙarfin wadda ake shiga ofis a faɗa a tsaye a fita. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Tawa, kuma ɗiyar ɗaya daga cikin mutanen da kuka baje aikin hannunsu a makon bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya.

Mahaifiyata 'yar ƙasar Madawa ce. Aure ya kawo ta Tawa, ta taho da sana'ar gidansu, saƙar tabarma da faifai. Tun ina rarrafe nake ganin kaba a cinyarta. Ta shanya, ta tsaga siri-siri, ta jiƙa don ta yi laushi, ta rina wadda za ta rina, ja kuwa da karan dafi take yin sa har gobe, ba ta yarda da garin rini na kanti ba. Sai ta saƙa ta doguwa kamar ɗamara, kwana da kwanaki, kafin ta haɗa gefe da gefe ta ɗinke. Da kuɗin tabarma ta saya mini allo da alli na shiga lakwal. Amma duk shekarun nan, inda aikin nata yake ƙarewa shi ne kasuwar Lahadi: mai saye ya juya ta, ya taya, a ce albarka, ya ƙara kaɗan, a sallama. Dillali ya naɗe ya loda a mota sai Yamai, kuma daga nan babu wanda zai sake tambayar hannun wa ya yi ta.

Shi ya sa ranar da ma'aikatanku biyu, wani saurayi da wata baiwar Allah, suka yi sallama a ƙofar gidanmu, Inna ta ɗauka masu saye ne. Suka tuɓe takalma suka zauna, suka sha ruwa, suka gaisa da ita kamar uwarsu, sannan suka faɗi abin da ya kawo su. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi za a kalla ga tabarma? Ai abin zama ce." Matar nan ba ta yi mata gardama ba. Ta dai nuna wani zane a tsakiyar tabarmar da take zaune a kai, ta ce, "Inna, wannan wa ya koya miki?" Daga nan bakin Inna ya buɗe, har aka kira la'asar tana ba su labarin kakarta. Sun tafi da tabarmi uku da faifai biyar, bayan sun rubuta mata takarda sun sa hannu.

Abin da na gani ranar buɗewa shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Tabarmar Inna a rataye take jikin bango, daidai idon mutum, an ba ta fili ita kaɗai, fitila na haska ta. Ni da na girma a kanta ban taɓa ganin ta daga nesa ba. Sai ranar na lura yadda ja da baƙi suke bin juna tun daga wannan baki har wancan ba tare da kuskuren zare ɗaya ba. A ƙarƙashinta kun liƙa ƙaramin kati mai sunanta da sunan garinsu, da Faransanci, da Hausar boko, da ajami. Inna ba ta yi lakwal ba, amma ta yi makarantar allo. Ta matsa kusa, ta ɗora yatsa a kan ajamin, ta bi shi harafi-harafi tana motsa baki. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Ba ta ce komai ba, ta gyara lulluɓinta, ta tsaya gefen tabarmar nan har azahar. Ko wane ne a cikinku ya tuna da ajami, Allah ya tuna da shi ranar da yake bukata.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani mai fenti da duk garin nan ya san hannunsa a allunan masu aski da bayan manyan motoci. Ya kawo zanen 'yan kokawa a fage, don tunawa da cewa a nan Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, shekarar da Kantu na Maradi ya ɗauka. Dattawa sun taru a gabansa suna ta musun wa ya ka da wa. Amma zanensa na biyu ne ya tsayar da mata: tasha da asuba, motar Abijan ta cika, wata mace da goyo tana riƙe da ƙullin guzuri ba ta kai ga miƙawa ba. A ƙasar Adar babu gidan da bai san wannan asubar ba. Na ga wata tsohuwa ta share ido da gefen gyale.

Maƙeran azurfa daga Abalak sun zauna da kayan aikinsu, yara suna kallon yadda ake siffata abin wuya da kakin zuma, a rufe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba azurfa a gurbinsa. Dukawa ma sun zo da jakunkuna da matasan kai na fata.

Na kawo 'yan ajina a rana ta uku, kuma a wurin wani yaro mai ginin laka suka fi daɗewa. Ya gina ƙaramin masallacin Yama, da hasumiyoyinsa huɗu, kowace da kamarta. Ma'aikacinku ya durƙusa daidai tsayinsu ya gaya musu cewa Falke Barmu ne ya fara gina na gaskiyar a 1962, da laka da hannun mutanen gari, kuma a 1986 ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Wani ɗalibina ya ce, "Madam, Yama ta nan jiharmu?" Na ce ita. Gidan tarihi na Bubu Hama yana Yamai tun 1959, amma tsakaninmu da shi ya fi kilomita 500, kuma yawancin yaran nan ba su taɓa wuce Konni ba. Lokacin Tawa Sakola, shirin ƙawata garin nan don bikin 18 ga Disamba na 2017, mun sami tituna da gine-gine, mun kuma gode. Bana ne na ga yaranmu sun shiga gini sun tarar da aikin iyayensu a ciki.

Ina kuma yaba muku kan maganar kuɗi, don a nan ake yawan ɓata zumunci. Kowa shi ya yanka wa kayansa farashi, mai saye ya biya shi hannu da hannu, ba ku karɓi ko dala ba. Inna ta sayar da tabarmi biyu da daraja, ta uku kuwa, wadda aka rataya, ta ce ba ta sayarwa ba ce.

Gaisuwa ta musamman ga masu shara, da suke goge ƙurar hunturu daga kan kaya kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, da baba mai gadi da ya ɗauko wa Inna kujerarsa ya wuni a tsaye.

Roƙona ɗaya ne, ranku ya daɗe. 'Yan mata biyu daga ajina sun tambayi Inna ko za ta koya musu, ta amsa, yanzu kowace Asabar suna gidanmu da kabarsu. Tsakar gidanmu ba ta ɗaukar fiye da haka. In za ku ba tsofaffin nan inuwa ɗaya a harabarku, ko sau ɗaya a mako, na san masu zuwa suna da yawa.

Katin nan mai sunanta yana cikin akwatin Inna, tare da takardun gida. Ta fara wata saƙar tun makon jiya, kuma ta ce in tambaye ku faɗin bangon nan kamu nawa ne, don ta baɗi ta cika shi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da zama lafiya, amin.

Taku,
wata malamar makaranta, ɗiyar mai saƙar tabarma,
Tawa.