Ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da giyar motar da ambaliya ta ci

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar 9 ga wata da yamma ita ta sa na kawo maganar nan bainar jama'a. Na kira a kan giyar otomatik da na saya a filinku na kwance motoci, sai ya ce: "Malam, na hannu ka saya. In sabuwa kake so, ka san inda ake sayarwa." Ban rufe baki ba ya kashe waya, kuma tun daga ranar ba mai ɗagawa.

Ai na san ta hannu ce. Abin da na ba da kuɗina a kai shi ne abin da kuka rubuta a rasit da hannunku: an gwada, lafiyarta ƙalau, motar da aka ciro ta ta yi kilomita 92,000, garanti kwana 30. Lambar shasin motata ma duk 17 ɗin na karanto muku.

An ɗaura, mota ta ƙi shiga giya ta biyu sai da fizga. Bakanike ya kwance farantin ƙasan giyar a gabana. Man giya ja ne, wannan kuwa ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara. Maganaɗisun farantin ya cika da garin ƙarfe, soket ɗin wayoyi kuma da busasshiyar laka a ciki. Wannan giya ta kwana cikin ruwa. Kun fi ni sanin cewa ruwa yana ɓamɓare fatar kulocin da ke ciki, canjin mai ba ya gyara ta.

Da na kawo hotuna, aka ce buɗe farantin ya karya garanti. To ta ina za a ga cikinta? Can baya aka ce za a maido kuɗina a cire kashi 25 cikin 100, ban da ladan bakanike. Daga nan sai "manaja ya fita", "dawo jibi", har kwana 30 ɗin suka cika. Wallahi ban yarda haɗuwa aka yi ba, da gangan kuka ja lokacin.

Ina neman kuɗina cif, da kuɗin dako, da ladan ɗaurawa da saukewa. Ina kuma so ku nuna lambar shasin motar da kuka ciro giyar. Domin motar ba giya kaɗai take da ita ba. Kwamfutar birkinta fa, wa kuka sayar wa? Jakar iskarta fa, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari? Duniya ta ga yadda jakunkunan iska na kamfanin Takata suka kashe mutane har aka janye miliyoyin motoci, ku kuwa ko tarihin abin da kuke miƙa wa jama'a ba kwa faɗa. Wani yana can ya ɗauki iyalinsa a kan birkin da ya sha laka, bai sani ba.

In wannan mako ya ƙare ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan kai rasit, hotuna da giyar kanta hukumar kare haƙƙin masu saye.

Na gode.
Abokin cinikinku