Wasiƙa ga aminina: na kai gaci, na kuma ci na ƙoshi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarka. An kwana biyu ban rubuto ba, kai ma ka yi gum, saboda haka kada wani ya ɗora wa wani laifi.

Albishirinka! Nauyin nan da likita ya ce in sauke, kashi 10 cikin 100 na jikina, na sauke shi. Kai da kake cewa ni da teɓata mutu-ka-raba, sai ka nemi wani abin tsokanar. Bel ɗina sai da aka ƙara masa huji, hawan jinin ya lafa, kuma ina hawa bene ba tare da na tsaya haki a tsakiya ba.

Tun ranar da na fara na ɗaukar wa kaina alkawari cewa duk ranar da sikeli ya nuna lambar da nake nema, zan je babban gidan cin abinci, in zauna in ci abin da raina ke so, babu lissafi. Na kuwa cika. Ni da maiɗakina muka je. Na sa aka kawo gasasshen nama mai maiƙo, irin wanda kitsensa ke narkewa a baki, da soyayyen dankali, da burodi mai ɗumi da bota, aka rufe da kek da askirim. Mutumina, na yi santi har ita ta ce in rage murya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban iya cinyewa ba. Farantin da a da zan share in nemi ƙari, tun ban kai ƙarshensa ba cikina ya ce ya isa. Harshena ma ya sauya: gishirin ya yi mini yawa, zaƙin kek ɗin kuma har yana hawa kai.

Dalilin da ya sa nake ba ka labarin dalla-dalla shi ne abin da ka faɗa a saƙonka na baya, cewa kai ma ka kusa kaiwa, amma kana tsoron zama ɗaya ya rushe wahalar watanni. Zo mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). A ce ka zauna ka narki kalori 2,000, wanda ba ƙaramin ci ba ne. Cire abin da dama za ka ci a daren in kana gida. Abin da ya rage bai kai rubu'in kilo ba, ko da a ce duka ya zama kitse.

Sai dai ka shirya wa abin da sikeli zai nuna maka washegari, don nawa ya ɗaga da fiye da kilo guda, na tsaya ina kallonsa kamar ya zage ni. Yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci da sukari a hanta da tsoka a matsayin wani abu da ake kira gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe ruwa kusan giram 3. Mai rage ƙiba ma'ajiyar nan tasa ta ɗan ragu, da ya ci da yawa sai ta cika, ruwa ya biyo. Ga kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, alhali masu dafa abincin sayarwa ba sa jin tausayin gishiri, shi ma kuma ruwa yake riƙewa. Ga shi abincin kansa bai gama fita daga ciki ba. Cikin 'yan kwanaki lambar ta koma inda take. In ka san zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka ƙyale sikelin har ƙarshen mako.

Inda haɗarin yake shi ne tunanin da ke biyo bayan cin. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto a Kanada, sun daɗe suna nazarin wannan tun shekarun 1970. A irin gwajin da aka yi, sai a ba mutum abin sha mai madara da zaƙi, sannan a ajiye masa askirim a ce ya ɗanɗana. Wanda ba ya takura wa kansa a kan abinci sai ya ci kaɗan, tunda ya riga ya ɗan ƙoshi. Mai takura wa kansa kuwa sai ya ci fiye da yadda zai ci da ba a ba shi komai ba, don a ransa ya ce tunda ta ɓaci, bari ta ƙarasa ɓaci. Haka dare ɗaya ke komawa mako, mako ya koma wata. Wanda ya tsara cinsa tun farko, ya san lada yake karɓa, ba ya jin ya karya wata doka, balle ya ce a fasa kowa ya rasa.

Kada kuma ka zargi kanka in ka ji yunwa ta ƙaru bayan ka rame. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da, leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya kuma yana ƙasa. Jiki ne ke neman abin da aka ƙwace masa.

Akwai masu cewa bai kamata a saka wa kai da abinci ba sam, gara ka sayi takalmi ko sabuwar riga. Suna da gaskiyarsu, musamman ga wanda zai mai da kowane rabin kilo dalilin walima. Ni dai ban ga amfanin ramar da za ta sa in riƙa kallon abinci a matsayin abokin gaba ba har ƙarshen rayuwata.

In za ka je, kada ka wuni da yunwa wai kana tara wuri, don za ka isa can ido rufe. Ka tafi da wani, hira tana rage saurin loma. Abin da ya rage a faranti kada ka ce a ƙunsa maka, ladan na dare ɗaya ne. Da safe ka karya da abin da ka saba, ka fita tattakinka. Tunda kuma kana shan maganin sukari, ka fara jin ta bakin likitanka kafin ka tunkari kayan zaƙin, wannan ba da wasa nake ba.

Ranar da ka kai, ka rubuto mini abin da ka ci, tun daga farantin farko har na ƙarshe, kada ka ɓoye komai. Ka gaida mini madam da yara, maiɗakina ma tana gaishe su. Allah ya ƙara lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka