A Kula da Karnuka a Bakin Ruwa Lokacin Bazara

Assalamu alaikum. Edita, muna neman ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin mafarauta da makiyaya da masu karnukan gadi, tunda bazara ta kankama. Tsakanin Maris da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Kare kuwa gumin kirki ba ya yi, da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa da ya hango ruwa sai ya afka. To, ruwan da ke saura a wannan lokaci yana da haɗari ƙwarai.

Mu fara da kududdufi ko tafkin da ya janye. In ka ga samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ko kumfa ta taru a gefe, ka ja karenka baya. Wasu ƙananan halittu ne masu yaɗuwa a ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu, musamman inda takin zamani da kashin dabbobi ke gangarawa. Gubarsu iri biyu ce. Ɗaya jijiyoyi take kamawa: cikin ƙanƙanin lokaci kare ya fara dalala da makyarkyata, numfashi ya gagare shi. Ɗayar hanta take ci, sai amai da zawo, wani lokaci har da jini. Ba ta da makari, tafasa ruwan ma ba ya kashe ta. Ko bai sha ba, lasar jiƙaƙƙen gashinsa ta isa. Idan ya riga ya shiga, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta nan take, a hana shi lasar jiki, a nufi asibitin dabbobi ba tare da jiran alama ba.

Irin wannan ruwa kan ɗauki fitsarin ɓera, mai jawo cutar lefto: zazzaɓi bayan 'yan kwanaki, ido ya yi rawaya, ƙoda ta taɓu. Mutum ma tana kama shi. Da yawa suna zaton allurar haukan kare ta rufe komai, alhali rigakafin lefto daban ne, kuma duk shekara ake sabunta shi.

Sai magudanan noman rani, irin na yankin Kadawa da Kura da ke samun ruwa daga madatsar Tiga. Iyo ba ya gagarar kare, fitowar ce matsala, domin gefen siminti da gansakuka ta kama santsi ne da shi. Zai yi ta karta har ƙarfinsa ya ƙare. Kada mai shi ya faɗa bayansa. A bi ta gaba, a miƙa masa gora ko a zarga masa igiya. Bayan an ciro shi a sa masa ido na awa 24, don tari ko numfashi sama-sama alama ce ruwa ya shiga huhu.

'Yan'uwanmu na Chadi, a bakin kogin Shari, su daina jefa wa karnuka ɗanyen hanjin kifi, su binne shi, don ana zargin ta nan karnuka ke ɗaukar kurkunu. A 2019 an samu karnuka kusan 2,000 da kurkunu a ƙasar.

Mafita mai sauƙi ita ce a tafi wa kare da jarkar ruwa mai tsabta. Kare mai kilo 20 yana bukatar lita ɗaya ko fiye a rana, ranar farauta a ninka. A ba shi kaɗan-kaɗan kafin a isa bakin tafki. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Ya kai 41, rai na cikin haɗari. In haki ya tsananta, harshe ya yi jawur, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan randa, a yi masa fifita, sannan a tafi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zafin yake riƙewa.

Naku,
Wasu likitocin dabbobi, Kano