A bar yara su koyi kodin, amma a daina yaudararsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ke ta yawo, wai tunda ƙirƙirarriyar basira ta zo to koyon rubuta manhajar kwamfuta ya zama aikin baban giwa. Ni dai kodin, wato rubuta manhajar, shi ne sana'ata, kuma ba a jimawa sai wani ɗalibi ko mahaifinsa ya tare ni da tambayar nan, wai a ci gaba ne ko a haƙura a kama wani abu daban. Amsata a ci gaba, sai dai akwai gyara a yadda ake koyon da kuma abin da ake yi wa yaran alkawari.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba, wannan kam gaskiya ne. A watan Fabrairun 2024 shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya tsaya a wani taron gwamnatocin duniya a Dubai ya nuna cewa ba dole ba ne yara su koyi kodin yanzu, tunda harshen da mutum ke magana da shi ma ya isa ya ba kwamfuta umarni. Mutum ne mai ilimi ba na raina shi, amma a riƙa tuna fa kamfaninsa ne ke sayar da kayan da injinan ƙirƙirarriyar basirar nan ke aiki a kansu. Sai kuma watan Oktoba na shekarar, Sundar Pichai na Google ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗin kamfaninsu, wato rubutun umarnin da ake haɗa manhaja da shi, inji ne ke rubuta shi. Wannan ɓangaren kowa ya haddace, ana ta tura wa juna a waya, amma ragowar maganar da ya ce injiniyoyi ne ke dubawa su amince kafin a shigar da shi, ita kam an yanke ta an jefar. To ai nan maganar take. Wa zai duba abin da bai iya karantawa ba?

Kuma ba yau aka fara yi wa sana'ar nan jana'iza ba. Da kamfanin IBM ya fitar da yaren kodin mai suna FORTRAN a 1957 an ɗauka an kusa sallamar masu rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, COBOL kuma, wani yaren kodin da aka tsara a 1959, an yi ta ne da kalmomi kusa da Turancin yau da kullum don ko manajan ofis ya iya karantawa. Masu kodin ƙaruwa suka yi. Har a watan Afrilun 2020 sai da gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL saboda tsohuwar manhajar biyan marasa aikin yi ta kasa ɗaukar cunkoson lokacin korona.

Amma ba zan ɓoye ba, wannan karon da bambanci, duk wanda ya ce maka daidai yake da na baya to bai zauna da abin ba. Tun da GitHub Copilot, injin da ke taya mutum rubuta kod, ya bayyana a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamban 2022, aikina ya canza sosai, abin da a da zan wuni ina yi yanzu kafin in gyara zama an rubuto min shi, kuma sau da yawa ya fi nawa tsafta wallahi. Kullum ina amfani da su ba na jin kunyar faɗa. Rubuta kod ya yi araha, shi ke nan, wannan an wuce wurin.

Abin da bai yi araha ba shi ne sanin ko abin da aka rubuto ɗin daidai ne. Bari in ba da misali da kowa zai iya gwadawa. Buɗe Python, ɗaya daga cikin yarukan kodin, ka rubuta 0.1 + 0.2, ba 0.3 za ta ba ka ba, 0.30000000000000004 za ka gani. Ba lalacewa kwamfutarka ta yi ba, ita da sifiri da ɗaya take ajiye lamba, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya zama cif a wannan tsarin, kamar yadda ɗaya bisa uku ke tafiya 0.3333 ba iyaka a namu lissafin. Wani yaro da nake koya wa aiki ya kawo min manhajar lissafin kuɗin shiga da fita da inji ya haɗa masa, fuskarta tsaf, maɓallai masu kyau, yana ta murna yana cewa Malam ai tana aiki. Tana aiki ɗin kuwa, sai dai in aka zo rufe lissafi ta kwatanta jimilla biyu da ya kamata su zo ɗaya sai ta ce ba su daidaita ba, shi kuma duk lokacin da hakan ta faru sai ya kwafi saƙon ya liƙa wa injin ya ce gyara, injin ya ba shi haƙuri cikin ladabi ya taɓa wani wuri daban ya ƙara layuka, haka suka yi ta yi har fayil ɗin ya kumbura ya kai yaron ba zai iya nuna min ko sashe ɗaya ya ce ga abin da yake yi ba. Na ce masa ya tambayi injin da wane irin lamba ya ajiye kuɗin. Nan take kuwa ya gano, ya mayar da su nau'in da ake amfani da shi don kuɗi, magana ta ƙare cikin minti kaɗan. Injin ya san amsar tun farko fa, tambayar ce babu mai yi masa, kuma tambayar ba ta zuwa kan wanda bai taɓa koyon yadda kwamfuta ke riƙe lamba ba.

Irin wannan rashin sanin iyakar kayan aiki ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga rahoto a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536, da ya cika sai sauran suka zube ba tare da wata ƙara ba. Lokacin babu ChatGPT ma. Yanzu a ƙaddara manhajoji dubu nawa ake haɗawa kullum a hannun waɗanda ba su san akwai irin wannan ramin ba. Ga kuma halin injinan na ƙirƙiro abu su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, wani lokaci su ce ka sauko da wani kunshin kod mai suna kaza alhali babu shi a duniya, kuma masana tsaro sun yi gargaɗin cewa mugu zai iya yin rajistar sunan ya cusa masa cuta ya zauna yana jiran wanda zai sauke. Idan abu ya ɓaci kuma ba injin ake kamawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, wanda ya sa hannu shi ya biya.

Ko maganar saurin ma da sauƙi-sauƙi. A Yulin 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta fitar da gwajin da ta yi da ƙwararru 16 a kan manhajojin da suka saba da su, sai aka ga da taimakon injin lokacin da suka ɗauka ya ƙaru da kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu gani suke sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Mutum 16 ba yawa ba ne kuma injinan suna ta ƙara kyau, ban ce a ɗauke shi aya ba, abin da ya tsaya min a rai kawai shi ne yadda ƙwararre ma zai iya ruɗar kansa.

Inda nake da damuwa ta gaske shi ne masu tasowa. Ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, gyara shafi, rubuta gwaji, haɗa fom, su ne injin ya fi iyawa, don haka ƙofar shiga ta ƙuntata, wannan ba sai an ɓoye wa kowa ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu tallan kwas na wata uku wai kana gamawa sai aiki daga waje, ana karɓar kuɗin iyaye ana koya wa yaro abin da inji ke yi a daƙiƙa goma. Wanda ya shigo don wannan gara a gaya masa gaskiya tun yanzu. Sannan su kansu kamfanonin da suka rage ɗaukar yara, ban san inda suke tunanin za su samo manyan da za su duba musu aikin inji nan gaba ba, babba ai daga yaro yake fitowa.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Kodin ba ya shiga kai sai an sha wuya, ka zauna da saƙon kuskure ka karanta shi ka sake karantawa, ka bi kod ɗinka layi-layi kana buga ƙimar kowane abu har ka kama inda ya karkace. Wannan zaman shi ne karatun. Yanzu ɗalibi yana ganin jan rubutu sai ya kwafa ya liƙa, a ba shi amsa, ya ci maki, ya wuce bai ɗauki komai ba. Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da su, a Fabrairun 2025 ya ba da labarin yadda yake barin inji ya rubuta komai shi yana ta danna amincewa ba ya ko karantawa, yara suka ɗauka sun samu lasisi, suka manta shi da kansa ya ce don ƙananan ayyukan wasa na ƙarshen mako ne, kuma in ta kwaɓe shi ya iya buɗe kod ɗin ya gyara.

Abin da nake gaya wa masu tambayata ke nan, ka kama yare ɗaya, Python ma ta isa, a watannin farko ka rubuta da hannunka, in za ka tambayi inji ka ce ya yi maka bayani kar ya ba ka amsa, nan kam malami ne mai haƙuri da ba ya gajiya da tambaya ko ƙarfe biyun dare ne. Ka san yadda rumbun bayanai ke aiki, ka saba da Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ka fi ba da lokaci wajen karanta kod ɗin wasu mutane a kan rubuta naka. Wanda kuma ba sana'ar zai yi ba, akanta ne ko ma'aikacin lafiya ko mai bincike, shi ne ma ya fi kowa cin riba, ɗan abin da ya sani in ya haɗa da inji zai yi aikin da a da sai ya nemo ƙwararre.

Roƙona ga malaman da ke koyar da fannin nan, a canza salon jarrabawa. Aikin gida na rubuto manhaja kaza ya daina auna komai. A zaunar da ɗalibi a gabanka, a miƙa masa kod ɗin da inji ya rubuta mai ɓoyayyen kuskure a ciki, a ce ya yi bayaninsa layi-layi da bakinsa, ya nuna inda zai karye da irin bayanan da za su karya shi, sannan a ba shi maki.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatunku, mai sana'ar rubuta manhaja