Likita, a yi aikin gwiwar nan yanzu ko a bari sai bayan Hajji?

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, kai da masu sauraron shirinka. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne a nan Makka. Tambayata a kan ɗan yayata ce, mai shekara 24, wanda jijiyar ACL ta gwiwarsa ta dama, wato jijiyar cikin gwiwa da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta tsinke a wajen ƙwallo mako bakwai da suka wuce. Hoton MRI ya nuna ta tsinke gaba ɗaya, ga kuma 'yar tsaga a guringuntsin meniskos na ciki, wanda ke zaman matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, can gefen da jini ke kaiwa, wato irin wadda ake iya ɗinkewa.

Abin da ke sa a dakata da tiyata da farko ya kau, domin gwiwar da aka yanka tana kumbure takan ƙage. Yanzu kumburi ya sauka, yana miƙe ƙafar sarai, yana lanƙwasa ta fiye da digiri 120.

Sai dai sana'arsa tura keken alhazai ce a ɗawafi da sa'ayi, kuma ya kafe sai an tashi daga aikin Hajji, wata huɗu nan gaba, don a nan yake samun na shekara. Ni kuwa ba miƙaƙƙiyar tafiya nake ji masa ba, juyi da birki cikin cunkoso nake ji. Duk sanda gwiwa ta goce, ƙashin ƙwauri ya zame gaba, bayan meniskos na ciki ne ke tare nauyin. Har ta goce masa a matakala. In tsagar ta yi tsawo, ɓallin ya kife cikin gaɓa ya kulle ta, wataƙila ɗinki ya gagara sai yankewa. Daga nan guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi zai fara cinyewa, shi kuma ba ya tofowa, ƙarshenta amosanin gaɓa tun da ƙuruciya.

Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce a 2022 haɗarin ƙarin lahani yana soma hawa cikin wata uku da tsinkewar jijiyar in ba a yi aiki ba. Na kuma san binciken Suwidin na 2010 a kan mutum 121 masu tsinkakkiyar ACL, inda waɗanda suka fara da motsa jiki ba su kasa waɗanda aka yi wa aiki da wuri ba bayan shekara biyu. Amma su ba keke suke turawa ba.

To Likita, tsaga irin wannan za ta jure wata huɗu a wannan aiki? Takalmin gwiwa mai ƙarfe a gefe yana hana gocewa, ko kwantar da hankali kawai yake yi? In an ɗinke meniskos ɗin tare da dashen jijiyar, yaushe zai bar sallah a kujera ya koma zaman tahiya? Mahaifiyarsa maganarka take jira.

Naka,
Mai sauraro daga Makka